Duwatsun Garkar Yara

A kan hanyar da ta tashi daga Keita ta nufi Tamaske akwai wani gari da ya jingina da tudu. Duwatsu sun yi wa garin nan yawa. In ka yi tuntuɓe a can, ba a yi maka sannu sau biyu, don kowa ya saba.

A garin akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da kai, tana kuma da hannu. Duk abin da ta gani sai ta ce za ta iya gina irinsa. Aibinta ɗaya ne, ba ta tambaya. In abu ya yi mata kyau ta ɗauka ke nan. Tambaya sai daga baya, in ma ta tuna.

Tana zaune da mahaifiyarta, Inna Saude, da wanta Ridwan, da kakarsu Gogo. Babansu ya tafi ci-rani Abijan, sai dai su ji muryarsa a waya.

A gindin tudun, hukumar garin ta kewaye wani fili da waya, ta yi wa yara wurin wasa. Mutane suna kiran wurin Garkar Yara, ko da yake ba a taɓa shuka ko albasa ɗaya a ciki ba. Akwai lilo, akwai ƙarfen zamiya, akwai famfo. Akwai kujerun siminti a inuwar itatuwan dogon yaro, inda tsofaffi ke zama suna dara da la'asar. Daga gefe kuma ga filin ƙwallo.

Mai gadin wurin wani dattijo ne, Baba Jima. Yana da faɗa, amma faɗansa bai wuce baki ba. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke ba itatuwa ruwa, shi ke raba gardama in an yi cunkoso a kan lilo.

Can sama, inda filin ya haɗu da tudu, akwai wani dogon jeri na duwatsu, tun daga wannan kusurwa har waccan. Tsayinsa bai wuce gwiwar babban mutum ba. Kowane yaro ya san jerin nan, amma ba kowane yaro ya san aikinsa ba. Ita dai yarinyar, a ganinta duwatsu ne aka tara aka manta da su.

Tana da wata ƙawa, Ƙauna, 'yar ma'aikacin asibitin garin. Ajinsu ɗaya, bencinsu ɗaya. Ran Lahadi in Ƙauna ta dawo daga coci, ko rigar ado ba ta tsayawa cirewa sai ta zo neman ƙawarta. Wasan da suka fi so shi ne wasan gida. Sun samu wani lungu a ƙasan garkar, bayan wasu ƙananan bagaruwa, inda ido ba ya kaiwa. Nan suke girkinsu na ƙasa a gwangwanin tumatir.

Wata rana yarinyar ta ce ta gaji da gidan da ake zanawa da tsinke a ƙasa. Ita gida take so na gaske, mai katanga, mai ɗaki, mai rumbu.

Ƙauna ta tambaye ta inda za su samu kayan gini. Yarinyar ta nuna mata jerin duwatsun nan na sama. Duwatsu ne masu faɗi, masu kyan zama, kamar don ita aka zaɓo su.

Ƙauna ta ce, “Anya kuwa? Mu dai tambayi Baba Jima tukuna.”

Yarinyar ta yi dariya, ta ce, “Dutse na fa, ba goro ba. Garin ga mi ya hi dutse yawa?”

Ƙauna ta ce ita dai ba za ta ɗauka ba. In an gama gini za ta shigo a yi wasa, amma hannunta ba zai taɓa jerin ba.

Yarinyar ta fara aiki ita kaɗai. Ba ta ɗauka sai Baba Jima ya tafi masallaci sallar la'asar. Da za ka tambaye ta, sai ta ce maka ba ta san laifi ba ne. To, amma wanda bai san laifi yake yi ba, me ya sa yake jiran mai gadi ya ba da baya?

Yau ta ɗauki kaɗan, gobe ta ƙara. Kullum a wuri ɗaya take cira, a tsakiyar jerin, bayan wata sabara, don nan ya fi kusa da lungunsu. Da farko giɓin bai wuce taga ba. Sannu a hankali ya buɗe, har jaki zai iya wucewa da kayansa.

Gida kuwa ya yi kyau, wannan ba a ƙi ta. Ga ɗaki, ga madafa, ga rumbu, har da turken akuya. Yarinyar ta zauna a ƙofar gidanta ta miƙe ƙafa, tana ji kamar ta gaji garin.

Ana nan, zafi ya kai inda ya kai. Kowa idonsa na gabas. Wata rana da azahar hadari ya haɗu, iska ta taso, aka sallami yara daga makaranta. Ba su gama isa gida ba ruwa ya sauko. Ruwan farko ne, kuma ya zo da ƙarfinsa. Inna Saude ta tara tukwane a bakin indararo tana godiya ga Allah. Gogo ta sa aka sauko mata da irin hatsi, ta ce gobe sai shuka.

Washegari da safe manya suka nufi gona. Yara kuwa, kafin su shiga aji, suka biya ta Garkar Yara. Abin da suka gani ya sa kowa ya tsaya cak.

Ruwan da ya gangaro daga tudu ya zo ya tarar da jerin duwatsu. Ko'ina jerin ya tare shi, ya rage masa gudu, ruwan ya kwanta ya shige ƙasa. Amma da ya samu giɓin nan na tsakiya, sai duk ya taru ya bi ta nan. Ya yanka ƙasa tun daga sama har ƙasa, ya bar dogon rami a tsakiyar garkar. Ƙafar lilo ɗaya ta tuge, lilon ya kwanta. Wani ɗan dogon yaro da aka dasa bara ya faɗi, saiwarsa a sama. Kusurwar filin ƙwallo ta zube.

Yarinyar ta saci jiki ta leƙa bayan bagaruwa. Babu gida, babu rumbu. Ruwa ya rushe komai, rairayi ya rufe wurin ruf, kamar ba a taɓa aza dutse a nan ba.

Baba Jima yana tsaye a bakin giɓin, hannunsa a baya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wannan ba aikin ruwa ba ne, aikin hannu ne. Wani ya kwashe duwatsun tun kafin ruwa ya zo.

Yarinyar tana jin haka ta ja da baya. Ta koma bayan wasu yara ta lafe.

Sai Baba Jima ya tuna. Bara, kafin a kafa ragar ƙarfe, ya taɓa kama Ridwan da abokansa sun ciro duwatsu daga jerin sun yi alamar raga da su. Ya yi musu faɗa, suka mayar. Kuma shekaranjiya ya ga Ridwan a daidai wurin nan, shi kaɗai.

Aka kira Ridwan. Ya ce ƙwallo ce ta faɗa can ya je ɗaukowa. Ya rantse tun faɗan bara bai sake taɓa dutse ko ɗaya ba. Ba wanda ya yarda. Wani tsoho daga cikin 'yan dara ya girgiza kai ya ce mai hali ba ya barin halinsa.

Shugaban makaranta, Mushe Sulaiman (Mushe wato Malam, da Faransanci), ya zo ya ga ɓarnar da idonsa. Suka yi shawara da Baba Jima. Aka yanke cewa Ridwan ba zai sake taka Garkar Yara ba. Kuma an cire shi daga wasan ƙarshen shekara.

Wannan na biyun shi ne babban abu. Kowace shekara, kafin a ba da hutu, makarantarsu tana karawa da wata makaranta ta Tamaske. Ridwan ne mai tsaron raga. Tun lokacin sanyi yake shiri, har gwiwoyinsa duk sun yi kanta saboda faɗuwa. Bana ne kuma shekararsa ta ƙarshe a firamare. In wannan wasa ya wuce shi, ya wuce ke nan.

A hanyar komawa gida Ƙauna ta yi ta tafiya a gaba. Sai da suka zo mararraba ta tsaya.

Ta ce, “Ni ba ni hwaɗa ma kowa. Magana taki ta, ba tawa ba. Amma ba ni iya wasa da ke ina kallon Ridwan hakanan.”

Ta juya ta bi hanyar gidansu. Yarinyar ta tsaya ita kaɗai.

Labari ya riga su isa gida. Gogo ta dawo daga gona, ko ƙafa ba ta wanke ba ta sa aka kira mata Ridwan. Kullum cikin wasa take kiransa maigidana. Ran nan da sunansa ta kira shi.

Ta ce, “Ridwan, ka san wa ya ɗauko duwatsun ga?”

Ridwan ya sunkuyar da kai.

Gogo ta ba su labari. Ta ce lokacin da take da ƙarfinta, tudun nan tsirara yake, ko ciyawa babu. In an yi ruwa, sai ya sauko ya kwashe gona, ya shiga gidaje. Maza da yawa sun tafi neman abinci a wasu ƙasashe. Mata ne suka fito da gammo, suka yi ta jidar duwatsu a ka, suna jerawa a jikin tudu. Ita kanta da goyon Inna Saude a bayanta ta yi aikin. Da jerin ya tsaya, ƙasa ta zauna, ciyawa ta fito, itatuwa suka kama. Ba don jerin nan ba, in ji ta, da wurin da ake kira Garkar Yara kwazazzabo ne.

Ta ce, “Kowane dutse da ka gani can, da wuyan wata anka kai shi. Sai ga jikana shi ad da hannun kwashewa.”

Ridwan ya ce, “Gogo, wallahi ba ni na ba.”

Gogo ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ta tashi ta shige ɗaki.

Yarinyar tana gindin turmi, tana jin komai. Yanzu ta san abin da ta kwashe. Ta so ta yi magana. Ta buɗe baki, sai ta tuna da fuskar Gogo, ta tuna da Baba Jima, ta tuna da yaran makaranta duka suna nuna ta. Ta rufe bakinta. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Da aka kawo tuwo, Ridwan ko hannu bai sa ba. Ita ma yarinyar ta kasa ci.

Daga nan ta shiga dabarun banza. Ta kai wa Ridwan rabonta na fura. Ya dube ta ya ce yau kuma wace rana ce, ya ture kwanon. Ta share masa ɗaki, bai ma lura ba. Ta je wurin Baba Jima ta gaishe shi da ladabi, ta ce wataƙila awaki ne suka yi ɓarnar. Baba Jima ya ce shi dai ya tsufa a garin nan, bai taɓa ganin akuya ɗauke da dutse a ka ba. In ta gan ta, ta kira shi ya sha kallo.

A aji ma ba ta samu sauƙi ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Malamarsu, Madam Naomi, tana karatu ta ambaci dutse, sai yarinyar ta zabura har allonta ya faɗi. Ƙauna kuwa ta matsa can ƙarshen benci.

Da aka fita shan iska, Madam Naomi ta ce ta tsaya. Ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. Yarinyar ta ce lafiyarta lau. Ta yi ta murza bakin zanenta. Can ta ce tana da tambaya, amma ba a kanta ba ce, a kan wata ce.

Madam ta ce tana ji.

Yarinyar ta ce, “Madam, in mutum ya yi ɓarna bai san ɓarna ta ba, shina da laihi?”

Madam Naomi ta ce, “Shina da, amma kaɗan, don rashin sani ya hi dare duhu. Sai dai in ya gane daga baya, ya yi shiru, wani na shan wuya a madadinshi, to wannan laihi na biyu na. Shi kuwa da saninshi ya yi shi.”

Yarinyar ta ce, “In tana jin tsoro fa?”

Madam ta ce, “Tsoro ba ya hana a yi magana. Ana yi da shi hakanan, murya na rawa. Ki gaya ma waccan ɗin haka.”

Ba ta ƙara tambayarta komai ba. Ta ce ta je ta sha iska.

Da yamma yarinyar ta dawo gida ta tarar da Ridwan a tsakar gida. Ya wanke rigar tsaron raga, ta bushe, yana ninke ta a kan gwiwarsa. Mushe Sulaiman ya ce a mayar da ita, za a ba wani yaro, Ayuba. Ridwan ya ninke rigar, ya warware, ya sake ninkewa. Yana yi hawaye na ɗiga a kanta, yana gogewa da sauri don kada a gani.

Nan dabara ta ƙare wa yarinyar. Ta wuce madafa, inda Inna Saude ke tankaɗe. Ta durƙusa.

Ta ce, “Inna, ba Yaya ba na. Ni ta.”

Inna Saude ta ajiye rariya. Ba ta daka mata tsawa ba. Ta ce ta faɗi komai tun daga farko, kada ta rage. Yarinyar ta faɗa, tana kuka, har da jiran da take yi Baba Jima ya tafi masallaci.

Inna Saude ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta ce, “Ɗiyata, kin yi ɓarna, kuma shirun da kinka yi ya hi ɓarnar ciwo. Amma na ji daɗi da kinka zo da ƙahwarki. Yanzu ba ni kaɗai za ki gaya mawa ba. Ki fara da ɗan'uwanki.”

Wannan ya fi mata wuya. Ta je gaban Ridwan ta faɗa masa. Ya ɗago ya dube ta kamar bai san ta ba.

Ya ce, “Kina gani Gogo na mani faɗa, kina gani ina kuka, kinka yi shiru?”

Ta ce ya yafe mata. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ajiye rigar a kan tabarma ya fita. Da ya mare ta ma da ya fi mata sauƙi.

Gogo ta ji komai daga ɗaki. Ta fito ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce ita ma ta yi gaggawa, ta ɗora wa yaro abin da ba ta gani da idonta ba. Da Ridwan ya dawo ta kira shi, ta kama hannunsa ta daɗe ba ta saki ba.

Da safe Inna Saude ta fasa zuwa gona. Ta ce za ta raka 'yarta Garkar Yara, amma ba za ta yi magana a madadinta ba. Bakin da ya yi shiru shi zai buɗe.

Suka tarar da Baba Jima yana ƙoƙarin tayar da ɗan dogon yaron da ya faɗi. Yarinyar ta gaishe shi. Muryarta na rawa, amma ta faɗi abin da ta zo faɗa. Baba Jima bai yarda ba da farko. Ya ɗauka tana so ta ceci wanta ne. Sai ta kai shi bayan bagaruwa, ta nuna masa wurin. Ya sa fartanya ya tona rairayi. Ga duwatsu masu faɗi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da gwangwanin tumatir ɗinta na girki.

Baba Jima ya jingina da fartanya, ya yi ajiyar zuciya. Ya aika a kira masa Ridwan da Mushe Sulaiman. Yara suka taru, 'yan dara ma suka matso.

A gaban kowa, dattijon nan ya dubi Ridwan ya ce, “Yaro, na zalunce ka. Na kama ka da laihin bara, ban bincika na bana ba. Ka yahe mani.”

Kunya ta kama Ridwan. Bai taɓa ganin babba yana ba yaro haƙuri ba. Ya durƙusa ya ce, “Ba komi, Baba.”

Mushe Sulaiman ya ce Ridwan ya koma cikin 'yan wasa tun daga yau, rigar ma ya riƙe abarsa. Tsohon da ya ce mai hali ba ya barin halinsa ya shiga gyaran hularsa, yana kallon wani wuri.

Sannan aka juyo kan yarinyar. Baba Jima ya ce ba zai doke ta ba, ba zai kore ta ba. Amma duk dutsen da ta sauko da shi, ita za ta mayar da shi inda ta same shi. Ba lilo, ba zamiya, sai aiki ya ƙare. Kuma a yi da sauri, don damina ba ta jiran kowa. Inna Saude ta ce hukuncin ya yi daidai.

Da la'asar Gogo ta naɗa wa jikarta gammo da tsohon zane. Ta biyo ta har garkar da sandarta, ta zauna a bakin giɓin. Ta ce jera dutse ba tarawa ba ne. Sai an ɗan tona ƙasa, a kwantar da manya a ƙasa su zauna daram. Sannan a cusa ƙanana a tsakaninsu ta ɓangaren tudu. Ba a toshewa gaba ɗaya, don ba a hana ruwa wucewa, gudu kawai ake hana shi.

Yarinyar ta fara jida. Duwatsun da ta sauko da su tana waƙa, yanzu da nishi take hawa da su. Wuyanta ya yi tsami, tafin hannunta ya yi ja. In ta aza ba daidai ba, Gogo ta taɓa dutsen da sanda ta ce a sake. Daga inda take tana jiyo yara suna ta ihu a kan ƙarfen zamiya. Ba ta ko waiwaya ba.

Washegari tana cikin tona wani dutse, sai ta ga wasu hannaye sun kama ɗaya gefen. Ƙauna ce, da nata gammon.

Yarinyar ta ce, “Ai kin ce hannunki ba ya taɓa jerin ga.”

Ƙauna ta ce, “Wajen kwashewa na ce. Wannan mayarwa ta.”

Suka yi dariya, karo na farko tun ranar ruwa.

Amma akwai manyan duwatsu da rairayi ya danne, su biyu sun kasa ko motsa su. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Gogo ta dubi sama ta dubi giɓin, ta ce an kusa, amma ba a kai ba. Hankalin yarinyar ya tashi. In ruwa ya sake samun ƙofa, filin ƙwallon zai tafi gaba ɗaya, ba kusurwa kaɗai ba.

Ridwan yana cikin fili yana tsaron raga. Tun ɗazu yake satar kallonsu. Can sai ya jefar da ƙwallo, ya taho. Bai ce da ita komai ba. Ya sunkuya ya ciccibi babban dutsen da ya gagare su, ya nufi tudu da shi. Da abokansa suka ga haka, suka biyo shi, har da Ayuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin iska ta taso, giɓi ya rufe. Gogo ta bi jerin da sandarta tana ƙwanƙwasawa, ta ce ya yi.

Ruwa ya zo da yammacin nan, ya yi mai yawa. Da gari ya waye suka ruga su gani. Jerin yana nan daram. Ruwa ya kwanta a bayansa ya bar laka mai laushi, bai yanka ko taki ɗaya ba.

A cikin makon samarin unguwa suka cike ramin da tsakuwa da ƙasa. Hukumar gari ta aiko da mai walda ya tayar da lilo. Ɗan dogon yaron ma, da Baba Jima ya tokare shi da sanda, ya fitar da sabon ganye.

Ranar wasa gari ya fito kwansa da kwarkwata. Yaran Tamaske suka iso a bayan mota suna waƙa. Ridwan ya tsaya a raga da rigarsa. Yarinyar tana bakin fili tsakanin Inna Saude da Gogo, zuciyarta na bugawa kamar ita za ta tare ƙwallon.

Aka yi ta fafatawa. Makarantarsu ta ci ɗaya. Ana gab da tashi, wani yaro mai tsawo na Tamaske ya kufce wa kowa, ya saki ƙwallo da ƙarfi. Ridwan ya yi tsalle ya kama ta, ya faɗi da ita a ƙirjinsa. Alƙalin wasa ya busa. Gogo ta manta da sandarta, ta miƙe tana guɗa.

Yara suka ɗaga Ridwan sama. Da suka sauke shi, ya ratsa taron ya zo inda ƙanwarsa take. Ta sunkuyar da kai, don har yanzu bai ce mata komai ba.

Ya dafa kanta ya ce, “Na yahe miki, ƙanwata. Da ba ki yi magana ba, da yau ina bayan waya ina leƙe.”

Hawaye suka zubo mata, amma na daɗi ne. Ta riƙe hannunsa, suka taho gida tare.

Tun daga ranar yarinyar nan ta koyi darasi, kuma darasin namu ne duka. Abin da yake na kowa ba marar mai shi ba ne, kowa ke da shi, kowa kuma ke da alhakin tsare shi. In ka ga abu a ajiye ba ka san amfaninsa ba, tambaya kafin ka taɓa. In kuwa ka riga ka yi kuskure, faɗi gaskiya da wuri, ko da kana jin tsoro, kada wani ya sha wuya a kan laifin da ba nasa ba.